Iyaka, Unguwa da Taga: Tambayoyi da Amsoshi kan Wuri a Adabin Matan Chicana

Su wane ne ake kira Chicana tukuna?

Mata ne 'yan Amurka waɗanda asalinsu daga Meksiko yake. Namiji Chicano, mace Chicana, ana furta shi kamar "Cikana". A da kalmar raini ce da ake jifan talakawa 'yan ci-rani da ita. A shekarun 1960 matasa masu fafutukar neman haƙƙi suka karɓe ta suka mai da ita sunan alfahari. Saboda haka ba kowace mace mai jinin Meksiko ce ke amsa sunan ba. Wadda ta ce ita Chicana ce ta ɗauki matsayi ne a siyasa, tana nuna ba ta yarda ta narke cikin Turawan Amurka ba, kuma ba ta ce ita baƙuwa ce ba.

Me ya sa maganar ƙasa da iyaka ta cika rubutunsu haka?

Saboda abin da ya faru a 1848. Amurka da Meksiko sun gwabza yaƙi daga 1846, aka rufe shi da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo. Idan aka haɗa da Teksas, wadda Amurka ta riga ta haɗiye a 1845, Meksiko ta rasa wajen rabin ƙasarta: Kalifoniya, Nevada, Utah, yawancin Arizona da New Mexico, da ɓangaren Colorado. Mutane sun kwanta a ƙasa ɗaya sun wayi gari a wata, ba tare da sun ɗaga ƙafa daga ƙofar gidansu ba. Daga nan zancen nan nasu ya fito, cewa ba su ne suka tsallaka iyaka ba, iyaka ce ta tsallake su.

Yarjejeniyar ta yi alkawarin kare dukiyarsu. Amma dokar filaye ta Kalifoniya ta 1851 ta ɗora wa mai fili nauyin kawo hujja gaban hukuma, a harshen da bai iya ba. Shari'a kan ɗauki shekaru, kuɗin lauya ya cinye gonar da ake shari'ar a kanta. Wata mata, María Amparo Ruiz de Burton, wadda da kanta ta sha jelen kotu kan fili, ta rubuta labari a kan haka a 1885 mai suna *The Squatter and the Don*. Ba ta sa sunanta a bangon littafin ba. A zamaninta babu mai kiran kanta Chicana, kuma ita tausayinta na wajen manyan masu filaye ne, ba ma'aikatansu ba. Duk da haka masu nazari na komawa gare ta, don tana cikin waɗanda suka fara ajiye zancen fili da aka ƙwace a tsakiyar labari.

Wane littafi ne ya kafa maganar "ƙasar iyaka"?

*Borderlands/La Frontera* na Gloria Anzaldúa, wanda ya fito a 1987. An haife ta a 1942 a kwarin kogin Rio Grande da ke kudancin Teksas, ta yi aikin gona tun tana yarinya, ta rasu a 2004. Littafin ya ƙi zama abu ɗaya: akwai tarihi, akwai labarin rayuwarta, akwai tatsuniyar Aztek, mutanen da suka yi daula a Meksiko kafin zuwan Sifaniyawa, rabinsa na biyu kuma waƙoƙi ne.

Ta bambanta abu biyu. Iyaka layi ce da hukuma ta ja, mai tsawon kilomita sama da 3,100 daga tekun Pasifik zuwa mashigin Meksiko. Ƙasar iyaka kuwa ita ce rayuwar da ke tsirowa a gefen layin, inda mutane ba su zama cikakkun 'yan nan ba, ba su zama cikakkun 'yan can ba. Ta kira layin buɗaɗɗen rauni, inda ƙasar matalauta ke gogar ƙasar masu arziki har jini ya fita, kuma kafin ɓawo ya rufe sai ya sake fashewa.

Ni dai abin da ya fi kama ni a littafin ba wannan jimlar da kowa ke ɗauka ba ce. Ƙananan labarai biyu ne. Na farko na wani saurayi Pedro, wanda kakannin kakanninsa a Amurka aka haife su. Jami'an shige da fice suka dira gonar da suke aiki. 'Yan uwa na cewa kada kowa ya gudu, shi tsoro ya kama shi ya ruga. Bai iya Turanci ba, kuma wa ke zuwa gona da takardar haihuwa a aljihu? Aka sa shi a jirgi aka kai shi Guadalajara, garin da bai taɓa gani ba, ba ko sisi a jikinsa. Da ƙafa ya dawo gida. Na biyu na kakarta ne, wadda ta bar wasiyya a binne ta kusa da mijinta. Da aka je, sai aka tarar masu gandun da suka mallaki filayen kewaye sun zagaye maƙabartar da waya, sun sa sarƙa da kwaɗo, sun kafa allon hana shiga. Wanda ya karanta waɗannan biyun ya fahimci abin da take nufi da iyaka, ko da bai gane sauran falsafar ba.

To falsafar fa? Mene ne "mestiza" da "nepantla"?

Mestiza ita ce wadda za mu kira 'yar ruwa biyu, mai jinin Sifaniyawa da na 'yan asalin ƙasar. Anzaldúa ta faɗaɗa kalmar ta zama hanyar tunani: mutumin da ya koyi ɗaukar al'adu masu karo da juna a ƙirji ɗaya ba tare da ya jefar da ɗaya ba. Nepantla kalma ce ta harshen Nahuwatil, harshen Aztek, mai nufin tsakani. Ta fi amfani da ita a rubuce-rubucenta na baya. Ba zaman jin daɗi take siffantawa ba, tsaka mai wuya ce. Ita kanta ta fito fili ta ce 'yar maɗigo ce, kuma ta rubuta yadda hakan ya mai da ita bare a cikin danginta, bayan kasancewarta bare a idon Turawa. Gaba kura, baya siyaki.

Me ya sa take cakuɗa Turanci da Sifaniyanci ba tare da fassara ba?

Da gangan ne. Tana so mai karatu da ya iya Turanci kaɗai ya ɗanɗana tsayuwa a bakin ƙofa ana magana bai gane ba. Ta ba da labarin yadda aka buge mata gaɓoɓin yatsu da rula a makaranta don an kama ta tana Sifaniyanci lokacin tara, da yadda a jami'a aka tilasta wa ɗalibai irinta darasin gyaran lafazi. A ɗaya gefen kuma 'yan Meksiko na cewa Sifaniyancin Chicano gurɓatacce ne. Ta lissafa harsuna da karin harshe takwas da take yi, ta ce ba za ta nemi afuwa kan ko ɗaya ba. A wajenta harshe ma fili ne, kuma an sha kafa masa waya.

Sandra Cisneros 'yar Shikago ce, can arewa nesa da iyaka. Me ya kawo ta cikin wannan zance?

A nan ne abin ke da daɗi. *The House on Mango Street*, wanda ya fito a 1984, gajerun labarai 44 ne daga bakin wata yarinya Esperanza, kuma babu waya ko jami'in iyaka a cikinsa. Amma layukan suna nan, sun dai ƙanƙance.

Iyayenta sun daɗe suna yi musu alkawarin farin gida mai bishiyoyi irin na talabijin. Abin da suka samu ƙaramin jan gida ne, bulo na marmashewa, ƙofa ta kumbura sai an banka ta da ƙarfi. Kafin nan, a wani gidan haya, wata malamar coci daga makarantarsu ta gan ta tana wasa a waje, ta tambaye ta inda take zaune. Yarinyar ta nuna hawa na uku, inda fenti ya ɓaɓɓare, aka buga katako a tagogi don kada yara su faɗo. Matar ta maimaita tambayar da wata irin murya. Wannan muryar kaɗai ta isa ta koya wa yarinya cewa adireshinta hukunci ne a kanta.

Akwai kuma layin unguwa. Baƙi na shigowa unguwarsu a tsorace, suna zaton za a far musu da wuƙa. Esperanza ta san kowa, ta san babu abin tsoro. Amma ta amsa cewa su ma idan motarsu ta shiga unguwar wasu masu wani launin, gwiwa na rawa, a ɗage gilasai, ido ya tsaya gaba.

Sai taga, wadda a ganina ita ce zuciyar littafin. Kakar mahaifinta ko mahaifiyarta, wadda ta gaji sunanta, ta ƙi aure har sai da aka jefa mata buhu a ka aka sungume ta, daga nan ta ƙare rayuwarta tana kallon waje ta taga. Rafaela kuwa mijinta ke kulle ta duk ranar Talata idan zai fita wasa da abokai, wai ta cika kyau kada ta gudu. Sai ta jefo wa yara takardar dala ɗaya a duƙunƙune su sayo mata ruwan kwakwa ko na gwanda, ta zuro jakar takarda da igiyar shanya ta ja shi sama. Wata matar kuma, da mijinta ya yi aiki dare da rana ya kawo ta daga ƙasarsu, ta ƙi saukowa daga bene don tsoron Turanci, ranar da ɗanta ƙarami ya fara rera waƙar talla da Turanci ta fashe da kuka. Esperanza na kallon su duka tana cewa ta gaji sunan kaka, amma ba za ta gaji mazauninta a bakin taga ba. Gidan da take mafarki nata ne ita kaɗai, ba na uba ba, ba na miji ba.

Wato gida a wannan adabi kurkuku ne?

Wani lokaci. Amma a duba labarin Cisneros na 1991, "Woman Hollering Creek", wanda ya juya tafiyar da aka saba ji. Cleófilas ta yi aure daga wani gari a Meksiko aka kai ta Seguín a Teksas, kanta cike da soyayyar wasannin talabijin. Mijin ya fara duka. Abin da marubuciyar ta lura da shi shi ne tsarin garin kansa. A garinsu akwai dandali a tsakiya, akwai matakalar coci inda mata ke tsayawa hira, ko'ina ƙafa na kai mutum. A nan kuwa an gina gari ta yadda wadda ba ta da mota sai ta jira miji. Babu kwaɗo a ƙofarta, nisa ne ya kulle ta.

Bayan gidan akwai rafi mai suna Mace Mai Ihu, ita kuma tana zaton ihun baƙin ciki ne, irin na La Llorona, matar tatsuniya da ke yawo bakin ruwa tana kukan 'ya'yanta da ta nutsar. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ga tabon duka a jikinta lokacin awon ciki, ta haɗa ta da ƙawarta Felice, mai motar a-kori-kura ta kanta, ba miji. Suna tsallaka gadar rafin, Felice ta ƙwalla ihu na murna. Cleófilas ta koma kudu, gidan mahaifinta da 'yan uwanta maza shida da aikin da ba ya ƙarewa. Ba aljanna ba ce, amma 'yancinta a wannan labarin kudu yake, ba arewa ba.

Mene ne Aztlán, kuma me ya sa mata suka yi ƙorafi a kansa?

A tatsuniyar Aztek, Aztlán ne mahaifarsu ta asali a arewa, kafin su yi ƙaura su kafa birnin da ya zama Meksiko. A taron matasan Chicano da aka yi a Denver a watan Maris na 1969 aka ayyana kudu maso yammacin Amurka a matsayin Aztlán. Dabara ce mai ƙarfi: wanda ake ce wa koma inda ka fito ya amsa da cewa nan ne inda ya fito.

Matsalar ita ce a wannan ƙasa ta mafarki an riga an raba ɗakuna. Maza na kan mumbari, mata na kicin da na'urar buga takarda. Wadda ta ɗaga maganar haƙƙin mata sai a kira ta maciya amana, a danganta ta da La Malinche, baiwar da ta yi wa jagoran mayaƙan Sifaniya Hernán Cortés tafinta lokacin da Sifaniyawa suka ci daular Aztek tsakanin 1519 da 1521. Kashin dankali ke nan, wanda aka danne ya sami wanda zai danne. A 1971 mata wajen 600 suka yi taronsu a Houston. A 1981 Cherríe Moraga da Anzaldúa suka fitar da *This Bridge Called My Back*. Marubuta mata suka kuma sake duba Malinche, suka tuna cewa yarinya ce da aka bayar kyauta kamar kaya, sannan aka ɗora mata laifin faɗuwar daula.

Me ya sa manyan tituna ke yawan fitowa?

Saboda ta kan unguwanninsu aka bi da su. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 aka keta Boyle Heights da gabashin Los Angeles da manyan tituna masu hawa-hawa, aka rushe dubban gidaje, don masu zama bayan gari su isa ofis da wuri. A Chavez Ravine an fitar da iyalai na ƙarshe da ƙarfi a 1959, aka buɗe filin wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Dodgers a wurin a 1962. Helena María Viramontes, haifaffiyar gabashin Los Angeles a 1954, ta gina *Their Dogs Came with Them* na 2007 a kan wannan: yara na kallon katafila na cinye gidajen maƙwabta, titin da ka sani jiya yau ya ƙare a jikin katanga.

Lorna Dee Cervantes, daga San José, tana da waƙa a kan titi mai lamba 280 cikin littafinta *Emplumada* na 1981. A ƙarƙashin titin, inda gidaje suke a da, itatuwan da mutane suka shuka ba su mutu ba, tsofaffin mata na zuwa da jakar takarda suna tsinkar ganyen miya da na'ana'a. Hoto ne da ba ya buƙatar sharhi.

Ma'aikatan gona fa, waɗanda ba su da unguwa ma?

Littafin Viramontes na 1995, *Under the Feet of Jesus*, nasu ne, kuma idan aka ce in zaɓi ɗaya cikin duk waɗanda na ambata shi zan ɗauka. Estrella 'yar shekara 13 ce, iyalinta na bin kakar inabi daga gona zuwa gona a Kalifoniya cikin tsohuwar mota. A Amurka aka haife ta, amma ganin fitilar mota da dare kan sa ta gudu. Uwarta na ajiye takardun haihuwar yaran a ƙarƙashin ƙafafun wani ɗan gunkin Yesu, ta ce mata idan jami'ai suka tsayar da ita ta faɗa musu inda takardun suke. Daga nan sunan littafin.

Jirgin feshi ya zubo wa saurayinta Alejo maganin ƙwari yana kan bishiya. Suka kai shi ƙaramin asibiti, ma'aikaciyar ta duba shi ta ce sai babban asibiti, ta karɓi dala 9 da santi 7, iyakar abin da ke hannunsu, kuɗin man da zai kai su can ɗin. Estrella ta fita ta ɗauko ƙarfen ɓanɓare taya daga mota ta maka a kan tebur har aka mai do da kuɗin. Kafin nan Alejo ya taɓa ba ta labarin yadda ƙasusuwan halittun da suka nutse a kwalta suka zama mai. Tsaye a asibitin ta haɗa lissafin: ƙashinsu ne ke zama man da ke tafiyar da motar ma'aikaciyar, to wa ke bin wani bashi?

Akwai waɗanda suka rubuta kan ɗaya gefen layin?

Akwai. Norma Elia Cantú a *Canícula* na 1995 ta rubuta ƙuruciya tsakanin Laredo da Nuevo Laredo, inda tsallaka gada zuwa kasuwa ko gidan kaka abu ne na yau da kullum. Alicia Gaspar de Alba kuwa a *Desert Blood* na 2005 ta shiga kisan ɗaruruwan mata da aka fara lissafawa a Ciudad Juárez tun 1993, da dama cikinsu ma'aikatan masana'antun bakin iyaka. Kaya na wucewa arewa ba shamaki, musamman bayan yarjejeniyar cinikayya ta 1994 tsakanin Amurka, Meksiko da Kanada, hannun da ya haɗa kayan kuwa ba ya wucewa.

Wannan bai yi kama da iyakar Najeriya da Nijar ba?

Ta fuska ɗaya ya yi. Ingila da Faransa ne suka ja layin a jerin yarjejeniyoyi tsakanin 1890 da 1906, ya ratsa ƙasar Hausa, Katsina nan Maraɗi can, Illela nan Birnin Ƙonni can. Ɗan wa ya tafi makaranta ya koyi Turanci, ɗan ƙane ya tafi lakwal ya koyi Faransanci. Wanda ya ga yadda rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ya tsayar da kasuwa da zumunci zai gane Cantú tun shafin farko.

Amma kada a ja kamannin da nisa. Bahaushen Jibiya ba tsiraru ba ne a garinsu, ba a tsayar da shi don launin fatarsa a tambaye shi hujjar zama a ƙasar da aka haifi kakansa, kuma Hausa ce harshen kasuwa a gefen biyu. Abin da Pedro ya gani wani abu ne dabam.

Wace suka ake yi wa wannan tunani?

Biyu na da nauyi. Ta farko: kalmar "ƙasar iyaka" ta yi farin jini a jami'o'i har ta zama rigar aro, kowa da ke jin ya rabu biyu sai ya ce shi ma ɗan iyaka ne. A daidai lokacin, daga 1994, Amurka ta tsaurara tsaro a San Diego da sauran biranen iyaka, masu tsallakawa suka karkata zuwa hamadar Sonora, dubbai suka mutu da ƙishirwa. Ba laifin Anzaldúa ba ne, littafinta da waya da jini ya fara. Laifin masu ɗaukar jimla su bar shafin ne.

Ta biyu ta fi zafi. Ƙasar da aka ce an ƙwace wa Meksiko a 1848, ita ma Meksikon da Sifaniya kafin ta daga hannun wasu suka karɓa: Apache, Navajo, Comanche da sauran 'yan asalin ƙasar. Al'ummar Tohono O'odham, alal misali, layin da aka ja bayan cinikin Gadsden na 1853 ya raba ƙasarsu biyu, har yau suna gefen nan da gefen can. Masu nazari irin su María Josefina Saldaña-Portillo sun ce komawa ga allolin Aztek na dauri na iya rufe ido daga 'yan asalin da ke raye yanzu da harsunansu. Ina ganin sukar na da gaskiya, kuma ba ta rushe littafin ba, ta dai nuna cewa akwai wani layin a ƙarƙashin wanda ya gani.

Daga ina mai sha'awa zai fara?

Daga Cisneros. Turancinta mai sauƙi ne, ana iya gama *Mango Street* a zama biyu. Sai Viramontes ta 1995. A bar Anzaldúa zuwa na uku, a fara da babin farko da babin harshe, wanda ke buɗewa da likitan haƙori yana faɗa da harshenta da ya ƙi kwanciya, yana ture audugar da aka cusa mata a baki. Inda Sifaniyanci ya tare hanya, a daure a wuce, ma'anar kan dawo bayan layi biyu ko uku.